Sunan da Ryohei Zai Ajiye

"Ba ka faɗa mata ba?"

Sumire ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu, tana kallon Ryohei kamar yau ta fara ganinsa. A zauren gidan abincin suke, inda baƙi ke tuɓe takalma, dusar ƙanƙara tana narkewa a kafaɗar kwat ɗinsa.

"Na so in faɗa mata jiya..." Ya sosa ƙeya. "Sai na tarar tana gyara rigar kimonon da za ta sa yau, har da 'yar waƙarta. Na kasa."

"Shekaranjiya fa?"

"Mura take yi."

"Ryohei, wata uku fa ke nan."

"Na sani, masoyiyata."

"Kar ka masoyiyata ni a nan. Iyayenmu suna ciki suna jira."

Kunnuwansa suka yi ja. Haka suke yi duk lokacin da ya rasa gaskiya, kuma abin haushin, tun ranar farko wannan ne ya fara burge ta.

Maganar ba ƙarama ba ce. A dokar ƙasarsu, idan aka ɗaura aure, dole miji da mata su zauna a kan sunan gida ɗaya. Sumire ita kaɗai iyayenta suka haifa, gidan Nogami kuwa tun kakannin kakanni suke sana'ar miso, daddawar waken soya, a garin Kanazawa. Idan ta koma sunan miji, sunan ya ƙare a kanta. Shi ma Ryohei Kitade shi kaɗai ne a wurin mahaifiyarsa, wadda ta raine shi ita kaɗai tun yana ɗan shekara goma sha biyu da mahaifinsa ya rasu. Wata uku da suka wuce ya riƙe hannun Sumire ya ce shi zai ajiye nasa sunan ya ɗauki nata. Ya yi alkawarin sanar da Ummansa kafin ranar da iyayen za su haɗu.

Ranar ce ta zo yau.

Sumire ta ajiye takalmin, ta gyara masa wuyan riga da ɗan ƙarfi.

"Mu je. Ka bar ni da su."

"Me za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma kai dai kar ka ƙara buɗe baki ka yi alkawari."

Uwar gidan abincin, dattijuwa mai tafiyar natsuwa, ta ja su ta wani dogon lungun katako mai sheƙi. Ta durƙusa ta zuge ƙofar ɗakin. Ƙamshin sabuwar tabarma ya tarbe su. Ta tagar gilashi ana hango lambu, itatuwan duk sun yi fari.

Baban Sumire ya baje a mazauninsa kamar shi ya gina gidan. Wata biyu kafin yau ya kama ɗakin nan, kuma tun safe yake maimaita cewa a nan nasa uban ya kawo shi neman aure. Mama tana gefensa. A ɗaya ɓangaren Umman Ryohei ce zaune, 'yar ƙaramar mace cikin kimono ruwan toka, bayanta a miƙe, hannayenta a kan cinya.

Aka gaisa, aka sunkuya, aka sake sunkuyawa.

Abinci ya fara shigowa kaɗan-kaɗan, kowanne a irin kwanonsa. Miya mai haske da ɗan ganye guda a kai. Ɗanyen kifi yanka uku a faranti mai ruwan zinariya. Sumire tana ci, ba ta jin ɗanɗanon komai. Idonta na kan Umma.

Da aka kawo ƙaguwa, Baba ya naɗe hannun riga.

"Maman Ryohei, a ci sosai. Ƙaguwar hunturun bana ba ta da na biyu. Ni da kaina na ce a ajiye mana manya."

"Kai dai likita ya ce ɗaya za ka ci," in ji Mama ba tare da ta ɗago ba.

"Likitan yana ɗakin nan ne?"

"Ni ina nan."

Umma ta rufe baki da hannu ta yi dariya. Dariyar ta soki Sumire a ƙirji. Wannan matar ce ta saƙa mata safar hannu a hunturun bara, ita ce ke kiran ta "'yata" tun kafin a fara maganar aure. Ga ta tana dariya, ba ta san abin da ke tahowa ba.

 A ƙarƙashin tebur, Sumire ta ɗora hannu a kan gwiwar Ryohei ta danne.

Bayan farfesun agwagwa ne aka zuge ƙofa a hankali. Uwar gida da kanta ta shigo da babban faranti, jajayen kifin tai guda biyu kwance suna fuskantar juna, irin wanda ba a kawowa sai ranar murna. Baba ya gyara murya, ya ɗauki ɗan kofin giyar shinkafarsa.

"To. Maman Ryohei, mun gode da kika ba mu ɗa. Daga watan huɗu Ryohei zai zama Nogami. Zai ajiye aikin koyarwa a ƙarshen zangon nan, ya shigo ma'aikata in koya masa aiki. Nan da shekara biyar in miƙa masa komai in huta."



Sumire ta juya ta kalli Ryohei. Fuskarsa ta nuna shi ma yanzu ya fara jin maganar barin aiki. Shekara tara yana koyarwa a firamare, kuma ba ta taɓa ganin wanda ke son aikinsa kamarsa ba.

Ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Baba, ajiye kofin tukuna."

"Me kika ce?"

"Na ce ka ajiye, don Allah. Akwai magana."

Ta ja baya daga tebur, ta juya ta fuskanci Umma, ta kafa hannu biyu a tabarma ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓawa.

"Umma, ki yafe mana. Ba a nemi izininki ba. Ya kamata tun wata uku ki ji wannan maganar daga bakinmu, ba yau a gaban mutane ba. Idan ba ki yarda ba, babu abin da aka yanke. Ni zan ɗauki sunan Kitade, kuma da farin ciki zan ɗauka."

"Sumire!" Baba ya dire kofin har giyar ta zube. "Kin san abin da kike faɗa? Sunan kakanninki?"

Ta ɗago. 

"Na sani, Baba. Kuma Ryohei ba zai bar makaranta ba. Shekara takwas ina cikin ma'aikatar nan. Wa ya san gangar miso ta nawa ce ta nuna ba tare da ya buɗe ba? Wa ya nemo mana masu saye a Osaka? Kana neman magaji, ga shi a gabanka kullum yana cin abinci da kai."

"Ke mace ce, za ki haihu, za ki..."

"Zan haihu, in goya, in shiga ma'aikata. Kamar yadda Mama ta yi."

"Gaskiya ta faɗa," in ji Mama a hankali.

"Ke kuma ki yi shiru."

"Shekara talatin ina shiru. Yau ka biya kuɗin ɗaki mai kyau, bari in yi magana a cikinsa."

Ryohei ya matsa kusa da Sumire, shi ma ya sunkuya.

"Umma... laifina ne. Ita ta yi ta ce mini in faɗa miki. Tsoro nake ji. Gani nake sunan nan shi kaɗai ne abin da Babana ya bar mana."

Umma ta buɗe 'yar jakarta, ta zaro wani abu ɗan siriri, ta ajiye a kan tebur. Hatimin suna ne, irin wanda ake bugawa a takarda a madadin sa hannu, sabo fil. Sumire ta karanta abin da aka sassaƙa a kansa: Nogami.

"A aljihun rigarka na same shi tun watan jiya," in ji Umma. "Wanda zai ɓoye magana ba ya ba uwarsa wanki."

Kunnuwan Ryohei suka ƙara ja.

"Kullum ina jira ka zo ka faɗa mini. Kullum sai ka zauna ka ci abinci, ka kalle ni, ka tashi." Ta girgiza kai. "Kuma wa ya ce maka Kitade sunan ubanka ne?"

"Umma?"

"Nawa ne. Sunan gidanmu ne. Ubanka ne ya ajiye nasa ya ɗauki nawa, don mahaifina ba shi da ɗa namiji. Kana ƙarami, kuma shi ba ya son a tayar da zancen."

Ta juya ga Baba. Har yanzu muryarta a ƙasa take.

"Baban Sumire, ni ba ni da ja a kan suna. Amma na ga abin da ke biyo baya. Mijina mai zane ne, hannunsa na da kyau. Mahaifina ya sa shi ya bar zanen ya zauna a shagon tufafi. Shekara goma sha huɗu yana gidanmu, bai taɓa zama a mazaunin maigida ba, bai taɓa ɗaga murya ba. Idan ya yi daidai a yi shiru, idan ya yi kuskure a tuna masa cewa shigowa ya yi. Shagon ma daga baya ya rufe. Ni kuma ina gani, ban taɓa cewa uffan ba."

Ta dubi Sumire, idanunta sun cika.

"Abin da 'yarka ta yi yanzu, shi ne abin da na kasa yi. Don haka ita zan ba ɗana, ba ma'aikata ba. Ya ɗauki sunanku, na yarda. Amma a bar shi da allonsa."

Hawaye suka zubo wa Sumire, ba ta goge ba.

Baba ya daɗe yana kallon kifin.  Sumire ta san ubanta, ta san bai saba a tsayar da shi a tsakiyar jawabi ba, balle a gaban baƙi. Amma ta kuma san abin da ke bayan hayaniyar tasa, don haka ta jira.

"Mene ne sunan mijin naki?" ya tambaya can. "Na asalin."

Umma ta ɗago ta dube shi.

"Anzai. Shuji Anzai." Ta yi murmushi, hawaye na sauka. "Rabon da in furta shi da baki, har na manta."

Ryohei ya maimaita sunan a hankali, sau biyu.

Baba ya ja jikinsa daga tebur da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kafa hannu biyu a tabarma, ya sunkuya wa Umma. Sumire ba ta taɓa ganin ya sunkuya wa kowa haka ba.

"Na yi gaggawa. A yi mini afuwa." Ya ɗago ya harari 'yarsa. "Ke kuma, ranar Litinin ƙarfe shida. Idan kin makara da minti ɗaya, na fasa ba ki ma'aikatar."

"Ni nake buɗe ƙofa kullum, Baba."

"To ki ci gaba da buɗewa."

Mama ta miƙa masa hankici. "Goge idonka."

"Yajin miya ne."

"Babu yaji a miyar."

Uwar gida, wadda ta zame waje tun da aka fara maganar, ta dawo ta raba musu kifin. Ya huce, amma Sumire ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba. Ryohei ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Da gaske kike da za ki bar sunanki saboda ni?"

"Saboda Umma. Kai har yanzu fushi nake da kai."

"Har yaushe, zuciyata?"

"Sai na ga abin da za a kawo na zaƙi."

A watan huɗu suka tafi ofishin gari su biyar. Baba da Umma ne shaidu. A takardar auren, kowa da sunan da ya zo da shi yake sa hannu. Sumire ta rubuta nata cikin sauri ta tura masa.

Ryohei ya riƙe alƙalamin ya tsaya. Wannan ne karo na ƙarshe da zai rubuta Kitade a matsayin sunansa. 

Umma ta matso ta dafa kafaɗarsa.

"Rubuta da kyau, ɗana. Kai malami ne, mutane suna kallo."

Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu, ya rubuta a hankali har ƙarshe. Sumire ta karɓi takardar, ta kama hannun mijinta, suka miƙa ta tare.