Dutsen Saji a Cikin Kwamfuta

Raini mugun hali ne, mafi muninsa kuwa raina sanin wanda bai zauna a aji ba. Ku ji abin da ya jawo wa Khalid.

Alhaji Shitu na Rano ya tashi gina ɗan asibiti a Saji, a gindin dutse. Lissafin na'urar sanyi ya ɗora wa 'yarsa Afra'u, wadda ta karanto injiniya a Kano. Na'urar irin mai uwa ɗaya a waje ce da 'ya'ya a ɗakuna, kowane ɗaki na jan sanyi gwargwadon bukatarsa. Kafin a sayo ta, sai an gina asibitin a kwamfuta, a sa masa rana da iska da mutane, a ga yawan zafin da zai sha.

Wata la'asar Afra'u tana zaune kan bulo tana wannan aiki, sai ga Salahuddeen ɗan Malam Manu ya koro shanu. Ya yi sallama, ya leƙa.

"Malama, ginin nan ne a ciki?"

"Shi ne."

"To ina dutsen?"

Ta yi dariya. "Dutse ai ba ɗaki ba ne."

"Shanuna ba sa kwanciya ta wannan gefen. Dutsen yini yake yana shan rana, da yamma ya amayar da zafin. Taɓa ki ji."

Ta ɗora tafin hannunta a jikin dutsen, ta janye da sauri. Da ta ɗago, idonsa na kanta. Shanu suka wuce, ƙura ta lafa, su biyu ba wanda ya motsa.

Washegari ta sa dutsen a kwamfuta. Ɗakuna uku na yamma suka yi ja, alamar zafi. Ta aika wa Salahuddeen saƙo:

"Malamina, shanunka sun fi ni karatu."

Ya amsa: "Sanyin idona, su ma tun jiya suna waigen inda kika zauna."

Daga nan kullum la'asar tana gindin dutse. Yana nuna mata inda iska ke ratsowa daga wajen Lausu, ita tana nuna masa rana tana tafiya a jikin allo, har su ga magariba ta kwamfuta kafin ta Allah ta yi.

Khalid kuwa shi ke da kwangilar kafa na'urar, ɗan aminin Alhaji ne, kuma yana neman Afra'u. Ta nuna masa sabon lissafin, ta ce uwar na'urar da ya zaɓa ta yi ƙanƙanta.

"Wa ya gaya miki?"

"Salahuddeen."

"Mai sanda? Gobe kuma sai mu tambayi saniya ƙarfin wuta."

Ya sayo ƙaramar. Ya kuma tare Salahuddeen a hanya ya ce masa an sa ranar aurensa da Afra'u. Salahuddeen ya kaɗa shanunsa zuwa Kibiya. Saƙo ɗaya ya bari:

"Allah Ya sanya alheri. Ki yafe mini kallon sama."

Ta karanta da hawaye, ta rubuta: "Ba a sa ranata da kowa ba. Ka dawo, la'asar ta yi mini tsawo."

Ya dawo, Malam Manu ya aika neman izinin aurenta. Alhaji ya ce, "Na kashe ƙarfina ta yi ilimi, sannan na ba wanda bai san biro ba? A'a."

Afra'u ta durƙusa. "Baba, ba zan saɓa maka ba. Amma ba zan iya cewa ina son wani ba."

Aka buɗe asibiti, bazara ta kama. Iya, yayar Alhaji, ta kwanta ciwo, aka sa ta a ɗakin yamma. Ƙarfe biyar na yamma na'ura ta yi ta gurnani ta mutu. Alhaji ya tarar da Iya jiƙe da gumi, ana yi mata fifita da kwali.

"Shitu," in ji Iya, "asibiti ka gina ko gidan burodi?"

Ya kira Afra'u. Ta buɗe kwamfuta, ta nuna masa ɗakuna uku jajaye saboda zafin dutse, da kwanan watan da ta nuna wa Khalid.

"Wa ya sanar da wannan abin zancen dutse?"

"Salahuddeen ne, Baba."

Alhaji ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Na raina shi ni ma. A ce wa Malam Manu ya turo."

Aka sauya uwar na'ura da babba, Iya ta warke. Bayan girbi aka ɗaura auren Afra'u da Salahuddeen a Rano, dangin ango suka zo da ƙoren nono tun daga Kibiya. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Khalid kuwa ya rasa kwangila, ya rasa Afra'u, ya rasa shiga zauren Alhaji. Ƙaramar na'urar tana nan a shagonsa, ba wanda ya taya.