Jinin da Bai Huce Ba a Fadamar Gawayi

Masara kawai Viveka ta je zubawa. A watan Disamba rana ba ta kaiwa la'asar a yankin Småland, can arewacin duniya, don haka tun da sauran ɗan haske ta jefa buhu a bayan mota, ta nufi bakin Fadamar Gawayi, inda take zuba wa aladun daji abinci don ta janye su daga gonarta. Sun riga sun tone mata dankali kaf, makiyayar shanunta kuwa kamar an bi ta da garma. Bindigar ta ɗauko ne saboda ko-ta-kwana, tare da sabon madubin da ta ɗaura mata, irin wanda ke ganin zafin jiki a cikin duhu. Duk mai jini a jika fari yake fitowa a cikinsa, abin da ya yi sanyi kuma ya fito baƙi.

Tsofaffin ƙauyen ba sa farauta a fadamar nan in rana ta faɗi. Sun ce tana da masu ita, rana ta mutane ce, duhu kuma nasu. Viveka dai cewa ta yi rashin madubi ne ya sa tsofaffin surutu.

Ta cika gangar masara, ta hau ɗakin fako, 'yar rumfar katako mai tsayi da maharba ke laɓewa a ciki, ta zuba kofi daga filas. Kafin ta shanye duhu ya rufe kurmin. Ta kai ido ga madubi, sai ga alade tsaye a gindin ganga, ƙato, fari fat, shi kaɗai. Ba ta ji zuwansa ba. Ta saita bayan kafaɗa, ta ja kunama, ta ji harsashi ya shiga nama da kunnenta.

Bai faɗi ba, bai kuma gudu ba. Ya ɗaga kai ya dubi ɗakin fakon, sannan ya juya ya shiga fadama a hankali, yana taku ɗaiɗai.

To, ga inda matsalar take. Maharbi ba ya barin dabba da rauni ta kwana a daji. Dole a kira mai karen bin sawu, kuma a duk yankin mutum ɗaya ne ke da irin wannan kare: yayanta Sixten. Rabon da su yi maganar arziki tun ranar da ta kai mahaifinsu gidan kula da tsofaffi, bayan hankalinsa ya fara gushewa. Sixten ya bi gari yana cewa ta yar da tsohon kamar tsumma. Ita kuwa ta san wanda ya yi shekaru yana wanke shi, yana canza masa zanen gado, kuma ba Sixten ba ne. Haushinsa take ji har cikin ƙashinta.

Ta ɗauko waya ta danna lambarsa.

"Wa ya mutu?" in ji shi.

"Na raunata alade. Ya shiga fadama."

"Da wannan talabijin ɗin da kika ɗaura wa bindiga? Ashe ba ya harbi da kansa?"

"Za ka zo ko in kira wani?"

"Kira mana. Kira shugaban gidan tsofaffi, ai kun saba."

Ya kashe wayar. Amma ya zo, bayan an ba dabbar lokacin da aka saba bayarwa don ta kwanta. Ya fito daga mota da ƙullin taba a ƙarƙashin leɓe, fitila a goshi, bindiga a kafaɗa, karensa Tass a igiya. Ko gaisuwa babu. Ya haske jinin da ke kan dusar ƙanƙara, ya tofar da yawu.

"Kin san ƙa'ida. Mai kare ne a gaba, mai kare ne kaɗai ke harbi. Sauke harsashinki."

"Na san ƙa'ida kafin ka san hanyar gidan Baba."

"Sauke, na ce. Ba zan juya wa irinki baya da bindiga a ɗure ba."

Ta zare gidan harsashi ta nuna masa, ta jefa a aljihu. Guda ɗaya da ke cikin bakin bindigar kuwa ta bar shi. Haka kawai ta shiga fadama bayan alade mai rauni hannu rabbana, don Sixten ya ba da umarni? Ba ta yi wannan sakarcin ba.

A bakin fadama Tass ya toge. Karen da ke shiga ruwan ƙanƙara bayan barewa, ga shi ya kwanta da ciki, ya manne kunnuwa, yana wani kuka ƙasa-ƙasa. Sixten ya ja igiya, ya zage shi, ya lallashe shi, duk a banza. Mai hankali da nan zai juya. Amma ina, ƙanwarsa na kallo. Ya ɗaure karen a jikin itace, ya ce jinin ya isa jagora.

Suka shiga.

Ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Wani wuri ta fashe, baƙin ruwa ya taso da warin ruɓaɓɓen ganye. Hasken fitilar Sixten na rawa a gaba, tana binsa daga nesa kaɗan. Sai wani wari ya shigo, na gawayi mai ci, a wurin da rabon a ƙona gawayi tun zamanin kakanni.

Kukan Tass ya ɗauke.

Fitilar ta yi ja, ta dushe, ta mutu.

"Sixten?" ta ce a hankali.

Shiru. Ko takunsa babu.

Ta lalubi aljihu. Ta bar wayarta a ɗakin fako kusa da filas. Ba wata, ba tauraro, ko hannunta ba ta gani. Ido ɗaya ne ya rage mata a duniya, shi ne wanda ke ɗaure a kan bindiga. Kowane maharbi ya san ba a neman hanya da madubin bindiga, domin duk abin da ka duba, bakin bindiga ka nuna masa. Ta sani sarai. Ta ɗaga bindigar ta kai ido.

Jinin ta fara gani. Ɗigo-ɗigo, fari tas a kan baƙar ƙasa, ya miƙe cikin itatuwa. A irin wannan sanyi jini ba ya daɗewa yake hucewa, ya ɓace daga madubi. Wannan an daɗe da zubar da shi, amma yana ƙara haske. Ta tsuguna ta taɓa ɗigo ɗaya, ta janye yatsa da sauri. Ya ƙone ta.

Ta bi ɗigon da madubi har ƙarshensa.

Aladen na tsaye, daidai inda ta ga fitilar Sixten ta mutu. Ya juyo yana fuskantarta, kai a ƙasa.

Kusa da shi akwai wani abu.

Ba fari ba ne. Baƙi ne, ya fi ƙanƙara baƙi, ya fi sama baƙi. Dogo, siriri, kansa ya kai rassan itatuwa. Ya ɗora hannu ɗaya a gadon bayan aladen, kamar yadda makiyayi ke dafa saniyarsa.

Ta ɗauke ido daga madubi. Duhu. Ta mayar. Dogon abun ba ya wurin.

Sanyi ya sauka a ƙeyarta.

"Harbe shi mana," aka raɗa mata a kunne. Muryar Sixten ce, har da kaurin tabarsa. "Me kike jira? Zai taso miki."

Ta ce, "Kai ka ce mai kare ne ke harbi."

"Na yafe. Ai na san kin bar guda a ciki."

Aladen ya matso taku ɗaya.

"Harba. Wa ya wanke tsohon? Wa ya kwana a ƙasa kusa da gadonsa? Wa aka zaga a gari?"

Yatsanta na kan kunama. Ba ta san lokacin da ya je wurin ba. Wani abu mai sanyi ya kwanta a kansa, yana dannawa a hankali. Kuma gaskiyar magana, zuciyarta ta yi daɗi da jin kalaman nan. Shekaru take jiran wani ya faɗe su.

Nan ne ta gane. Sixten ko za a yanka shi ba zai faɗi haka ba. Kuma mai raɗar ba shi da numfashi, ko ɗan ɗumi bai taɓa kunnenta ba.

In ba Sixten ne a bayanta ba, to yana ina?

Daga wajen aladen ta ji wata 'yar ƙara. Ƙas.

Abin da ke kan yatsanta ya danna da ƙarfi.

Ba ta iya janye yatsan ba. Da kafaɗa ta yi, ta wurga jikinta baya gaba ɗaya, bakin bindiga ya yi sama. Wuta ta tashi, ƙarar ta tsaga fadama. A cikin walƙiyar ta ga jar hular yayanta a inda aladen yake tsaye.

Ihun da ya biyo baya na mutum ne.

Ta yar da bindiga ta rarrafa cikin ruwan ƙanƙara, tana lalube, har hannunta ya faɗa kan rigarsa. Kafaɗarsa ta jiƙe da ɗumi. Ta cusa gyalenta a raunin, ta rataya hannunsa a wuyanta, ta miƙe da shi. A bayansu wani abu na takowa, ba gaggawa, ƙanƙara ba ta ko ƙara a ƙarƙashinsa, sai dai rassa na karyewa can sama.

"Kar ki waiwaya," in ji Sixten ta cikin haƙora.

Ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Sai Tass ya ɓarke da haushi daga hagu. Suka bi muryarsa, suna faɗuwa suna tashi. Warin gawayi na binsu har bakin fadama, a nan ya tsaya. Fitilar goshin Sixten ta kawo da kanta.

Harsashin ya fasa saman kafaɗa ne ya wuce. Likita ya ce da ya sauko kaɗan da sai gawa. Hannun dai bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Sixten ya gaya wa 'yan sanda tsautsayi ne, ƙanwarsa santsi ya kwashe ta, bai ƙara ko kalma ba. Duk da haka suka karɓe mata takardar izinin riƙe bindiga, ba ta kuwa nemi a mayar ba. Washegari maharban ƙauye suka shiga fadamar da rana tsaka. Sun samo bindigogi biyu, ba su ga alade ba, ba su ga sawunsa ba, jini kuma sai na Sixten. An sare ɗakin fakon aka yi itacen wuta da shi.

Sai da aka sallame shi ta je gidansa da tukunyar miya. Yana zaune a kicin, Tass a ƙafarsa. Ta ajiye tukunyar, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Alade na gani, Sixten. Na rantse maka alade na gani."

"Na sani."

"Ban sauke harsashin duka ba. Laifina ne. Amma da na gane kai ne, na ɗaga..."

"Na ce na sani. Zauna, kina tsaye a kaina kamar mai jiran gawa."

Ta zauna. Ya juya kofin kofi da hannunsa mai lafiya.

"Da fitila ta mutu na juyo," ya ce. "Ni ma alade na gani a inda kike, idanunsa na ci kamar garwashi. Ni ma an yi mini magana a kunne, da muryarki. An tuna mini ranar da aka fitar da Baba yana riƙe da ƙofa."

"Kai ma ka gane ba ni ba ce ke maganar?"

"Na gane. Na kuma gane wa ke tsaye a gabana." Bai ɗago ya dube ta ba. "Ba ki ji wata ƙara ba kafin taki ta tashi?"

Ta ji ta. Har yanzu tana jin ta.

"Sanyi ne ya daskarar da man bindigata, shi ya hana ta tashi," in ji Sixten. "Ke kin ɗaga taki sama, Viveka. Ni ban ɗaga ba."