Jar Tsutsa a Kan Tumatir

A Gwagwalada akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Ba za a faɗi sunanta ba, don har yau idan aka ambaci tumatir sai ta sunkuyar da kai.

Yarinyar tana da basira. Haƙuri ne kawai ba ta da shi. Idan aka ɗora tukunya, ita ce mai buɗe murfi tun ruwa bai yi ɗumi ba.

A farkon zango, Malam Yamusa, malamin aikin gona, ya raba wa 'yan aji dashen tumatir, kowa guda ɗaya.

"Ku dasa a buhu a gida," in ji shi. "A ƙarshen zango kowa ya turo hoton nasa ta wayar iyayensa. Wanda nasa ya fi kyau, shi ne Sarkin Noman aji."

Yarinyar ta dasa nata a bayan kicin. Ta sa masa suna Oga, domin kullum ana yi masa hidima, shi kuwa yana tsaye ba ya komai. Tana son Oga ƙwarai. Amma saboda ɗoki, sai da ta tone gindinsa har sau biyu don ta ga ko saiwa ta kama. Wannan ya mayar da shi baya.

Zango ya zo ƙarshe. Oga ya yi 'ya'ya manya, amma kore shar.

"Nawa ya yi ja tun tuni," in ji Treasure, wadda suke zama benci ɗaya. "Naki fa? Ko yana jiran ya gama jami'a ne?"



Ranar Lahadi yarinyar ta tarar da yayanta, Yaya Fu'ad, a falo da kwamfutarsa. Shi a shagon ɗaukar hoto yake aiki. Wani mai sayar da huluna ne ya ba shi hoton shuɗiyar hula, yana so masu saye su ga yadda za ta yi da wasu launuka.

Yaya ya ɗan taɓa nan, ya ja can. Hula ta koma ruwan ƙasa. Amma kowane zare yana nan, har da ɗan lanƙwasar da ke gefe.

"Yaya, bari in gwada!"

Ta karɓi linzamin kwamfutar, ta zaɓi buroshi, ta shafe hular da ja. Hula ta koma kamar murfin bokiti.

Yaya Fu'ad ya yi dariya. "Autar Umma, fenti kika zuba mata. Ina zaren? Ina inuwar? Duk kin binne su."

"To, yaya ake yi?"

"Da farko ki kewaye abin da kike so, shi kaɗai. Sannan ki buɗo wannan ma'aunin na launi, ki ja shi a hankali. Launin kaɗai zai juya. Haske da duhu kuwa kada ki taɓa su, su ne ke riƙe da kamannin abu. Idan launin ya yi ihu da yawa, ki rage masa ƙarfi."

Ta gwada. Hula ta yi ja, zarenta ras.

"Saura abu ɗaya," in ji Yaya. "Ki ƙara girman hoton ki duba da kyau, domin duk abin da ya shiga cikin kewayen..."

"Na gane, na gane!"

Ba ta gane ba. Hankalinta ya riga ya tafi bayan kicin.

Da Yaya ya fita kallon ƙwallo, ta ɗauki hoton Oga da wayar Umma, ta zuba a kwamfuta. Ta kewaye tumatir ɗin da sauri. Ta ja ma'auni. Kore ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ruwan lemo, ya koma jajawur. Ƙyallin rana yana nan a jikinsa. Ɗigon ruwan da ta yayyafa ma yana nan. Abin da ya gagari Oga zango guda, ta gama shi kafin shayin Umma ya huce.

Ta tura wa Malam.

Washegari Malam Yamusa ya kawo kwamfutar makaranta aji. Ya nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na yarinyar, aji ya ɗauki sowa.

"Wannan ya fi na kowa," in ji Malam. "Ga Sarauniyar Noma."

Aka tafa. Treasure ma ta tafa, da yatsu biyu.

Malam ya ƙara girman hoton don kowa ya gani. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ikon Allah! Ku zo ku ga wani abu."

A jikin babban tumatir ɗin, ga wata tsutsa kwance, ƙatuwa, ja wur kamar an tsoma ta a manja.

Yarinyar ta ƙura wa hoton ido. Ashe koriyar tsutsa ce ta laɓe a jikin koren tumatir. Ba ta gan ta ba, ta kewaye har da ita.

"Tun ina yaro nake noma," in ji Malam, "ban taɓa ganin irin wannan a jikin tumatir ba. Idan baƙuwar tsutsa ce, gonakin mutane suna cikin haɗari, daga nan har Abaji. Dole a tuge shukar nan yau, a ƙone ta. Treasure, maza ɗauko mini fartanya a sito."

Treasure ta tashi da gudu, ba a ma gama rufe baki ba.

Yarinyar ta zauna tana lissafi. Idan ta yi shiru, tana nan a Sarauniya, amma Oga zai zama toka. Idan ta yi magana, sarauta ta tafi, ga kunya a gaban aji. Ta tuna yadda take kai masa ruwa kowace safiya kafin ta sa takalmi.

Ta ɗaga hannu.

"Malam, don Allah kada a ƙone shi. Tsutsar ba ja ba ce."

"A'a? Ga ta muna gani."

"Koriya ce. Tumatir ɗin ma kore ne. Ni na sauya launin a kwamfutar yayana."

Daidai nan Treasure ta shigo da fartanya a kafaɗa.

Malam Yamusa ya gyaɗa kai. "Na yi mamaki dama. Ban taɓa ganin tumatir ya nuna har da hancinsa da rabin ganye ba. Ina jira ne in ga wanne kika fi so, shukar ko sarautar. Treasure, mayar da fartanya. Ke ce Sarauniya."

Ya juya ga yarinyar. "Kin yi ƙarya, kin rasa gasa. Kin faɗi gaskiya, kin ceci shukarki. Yanzu ki je ki cire tsutsar nan. Ita kam ba a kwamfuta take ci ba."

A gida ta faɗa wa Umma da Yaya komai. Umma ta riƙe haɓa.

"Da wayata kika aika ƙarya? Gobe ma sai ki mayar da tuwo shinkafa."

"Ni hula na koya miki," in ji Yaya Fu'ad. "Mai hular ya san shuɗiya ce, masu saye ma an gaya musu. Ba za ki sake taɓa kwamfutar nan ba sai Oga ya nuna da kansa."

Yarinyar ta cire tsutsar da tsinke. Sannan ta jira. Ta yi ban ruwa, ta jira. Wannan karon ba ta tone komai ba.

Wata safiya ta leƙa, ta ga kumatun Oga sun fara ja. Bayan 'yan kwanaki ya nuna sarai. Umma ta yi miya da rabi. Sauran yarinyar ta kai wa Malam a kwano, ta ba Treasure mafi girma.

Treasure ta murza shi da yatsa, ta duba yatsan. "Ba ya zuba," ta ce, suka fashe da dariya.

Malam ya sa yarinyar ta haɗa wa aji hoton yadda tumatir ke nuna, daga kore zuwa ja. Ta yi shi tsaf, ta duba kowane lungu. A ƙasa ta rubuta da manyan baƙaƙe: AN SAUYA LAUNIN WANNAN HOTO DA KWAMFUTA.

Daga ranar ta gane cewa iya aiki abu ne mai kyau, amma ba a yaudarar mutane da shi. Kuma abin da ke buƙatar lokaci, haƙuri ake ba shi.