Faifan Balaraba a Firigon Kifi

Ranar da Tanko mai gyara ya fara ganin Balaraba, da harara ta tarbe shi. Daga Maraɗi aka kirawo shi, a shekarar 1998, don ordinatar da aka ara mata, wato kwamfuta, ta ƙi tashi, sai ƙas-ƙas take yi. A cikinta kuwa akwai kundin kammala karatunta kan kifin tafkin Madarumfa, wahalar shekara biyu. In bai isa Yamai ran Litinin ba, shekararta ta faɗi.

"Wa ya lulluɓe ta da wanga bargo tana aiki?" in ji Tanko.

"Ni ce. Haka muke yi ma keken ɗinki. Gyara aka kira ka, ba shari'a ba."

"To kin dafa ta, malama."

Sa'idu, ɗan baffanta da ke neman aurenta, ya ce a kori mutumin kawai. Tanko ko kallonsa bai yi ba. Ya kwance faifan ajiya, ya naɗe shi a leda uku, ya ce a sa a firigo ya kwana, don sanyi kan farfaɗo da irinsa na ɗan lokaci. Firigo ɗaya ne a gidan, na kifin da mahaifinta Alhaji Ɗan Baba ke sayarwa.

Alhaji na dawowa, Sa'idu ya kai masa tsegumi.

"Ƙarhe cikin kihina? Boka kuka kawo mani? Hita!"

A zaure Tanko ya tarar da takarda a jakarsa: "Mai baƙin rai, har yanzu ban yarda da kai ba. Faifan na nan cikin firigo. Baba na tahiya tabki gobe da hantsi. Ka zo."

Ya zo. Faifan ya tashi, suka yi ta kwashe aikin zuwa disket, ƙananan faya-fayan ajiya. Babi biyar suka tsira. Ana shiga na shida ya mutu murus.

"Da hannunka na da sauri!" ta ce da shi cikin kuka.

Maganar ta yi masa zafi. Washegari sai ga shi da tasa ordinatar ɗaure a bayan babur. Kwana biyu suna zaure, tana karanto tsofaffin takardunta yana bugawa, suna musu a kan kowane waƙafi. Uwar Faɗa ya sa mata suna, ta kuma amsa, don ta riga ta kamu da sonsa.

Kundin ya isa Yamai, ta ci. Sau uku magabatan Tanko na zuwa nema masa aurenta, Alhaji na cewa ba ya ba da ɗiyarsa ga mai gyaran da ya kasa gyara.

"Baba," in ji Balaraba, kanta a ƙasa, "da abin ya ɓaci kowa watsewa ya yi, har Sa'idu. Shi kaɗai ya zamna."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Alhaji ya riƙe hannun ango, fuska a murtuke, ido cike da ƙwalla.

"Allah shi yi maku albarka. Kai kuma Allah shi ba ka haƙuri, don ni na san abin da na ba ka."