Jar Hula a Hancin Jirgi 617

Ƙarfe tara na safiyar Juma'a Kanar Petrunov mai ritaya ya buga waya ofishin 'yan sanda, yana ihu wai an sace jirgin yaƙi. Sufeto Drumev sai da ya shanye kofinsa tas kafin ya miƙe, don ya san jirgin bai fi kamu ɗaya ba. Tun da aka rufe sansanin sojan sama na garinmu, jiragen da suka rage mana na roba ne, jere cikin akwatin gilashi a kulob ɗin tsofaffin runduna ta biyu. Kowane matuƙi da nasa, da lambarsa.

"Wanne aka ɗauka, Kanar?" in ji Drumev da ya isa kulob ɗin.

"MiG mai lamba 617, na marigayi Kyaftin Balev. Shekaranjiya aka kawo shi. Gobe a taron shekara za mu miƙa wa matarsa Nevena."

Ba wanda bai san 617 ba. Ya faɗi a 1986, minti biyu da tashi, kwamitin bincike ya ce gangancin matuƙi ne. Da wannan tabon Nevena ta tsufa.

"Makulli a hannun wa yake?"

"Ni kaɗai."

"Wancan da ke leƙowa ta bayan hoton runduna fa?"

Kanar ya yi ɗan tari. "To, wannan na kowa ne."

Drumev ya duƙa gaban gurbin. An ɗauke jirgin, amma ɗan tsaninsa da katakan tare taya biyu, masu girman ƙwayar wake, suna kwance a gefen hagu, a jere kamar an auna da zare.

"Haka maƙerin ya ajiye su?"

"A'a, a warwatse suke." Kanar ya tsura musu ido. "Haka kanikawa ke yi in jirgi ya bar fili. Mu matuƙa ko kallonsu ba ma yi."

Zahari mai gyaran agogo ne ya harhaɗa jirgin, sai Drumev ya same shi a shagonsa. Bai taɓa sanya kakin soja ba, amma a taɓa masa jirgi a ga tsiya.

"Wata bakwai, Sufeto! Da gashin gira ɗaya na zana lambar nan!"

"Da me ka kwaikwaya?"

Zahari ya jawo wani tsohon hoto da ya tsinta cikin kayan mai hoton sansanin bayan rasuwarsa. A baya an rubuta ranar haɗarin. Ga 617 yana gangarawa titin tashi, murfin matuƙi a rufe. Drumev ya ari madubin gyaran agogo ya kara a kan hoton. A bakin dogon bututun da ke hancin jirgin akwai wata 'yar hula.

"Wannan mece ce?"

"Oho. Na gani, na sa. Irinsu ja ne, sai na shafa ja. Ni ba na ƙari, ba na ragi."

"Wa ya ga jirgin da ka kai shi?"

"Kanar, amma ba tabarau a idonsa. Sai Baba Kosta, tsohon kanikan 617. Na ce ya yaba, sai ya miƙe. Ya fita ya bar barasarsa rabi, abin da ban taɓa gani ba."

Drumev ya tarar da Baba Kosta a bayan gida yana ɗaure kurangar inabi. Shekararsa saba'in da tara, amma kowane sifana a rumfarsa na rataye a gurbinsa.

"Rabona da kulob tun bikin Ista, ɗana."

"Zahari ya ce shekaranjiya."

"Zahari ya cika surutu."

"Baba, ɓarawon nan ya jera tsani da katako a hagu. Kanikawa nawa suka rage a garin nan?"

Tsohon ya ci gaba da ɗaure kurangarsa. Drumev ya miƙa masa hoton. "Mene ne aikin hular nan?"

Kosta ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna kan bokiti.

"Bututun nan shi ke gaya wa matuƙi gudun jirgi. Ana rufe shi saboda ƙura da ƙwari. Kafin tashi, kanika ke cirewa." Ya haɗiyi yawu. "Ranar nan an haifa mini 'ya. Hankalina na asibiti. Sai da jirgin ya shige gajimare na ƙirga hulunan da ke hannuna, na ga ɗaya ba ta ciki. Wuta ta cinye sauran shaida. Da aka tambaye ni na ce na cire."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin takalmi. Jirgin na ciki a kan auduga, ko ƙwarzane babu.

"Na ɗauko ne in kankare jan, in mayar kafin gobe. Kwana biyu ina riƙe da wuƙa. Na kasa."

Drumev ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushin kansa da ya ji. Tsohon laifin ya wuce hurumin kotu, satar ma ba ta taka kara ta karya ba. Amma rahoto sai an rubuta.

"Mu je ofis, Baba."

"Mu bi ta gidan Nevena tukuna. Don Allah."

Nevena ta buɗe ƙofa da garin fulawa a hannu. Ganin Kosta ta yi murmushi, don shi ke faskara mata itace duk hunturu tun rasuwar mijinta.

"Kosta, me ka yi har 'yan sanda? Ku shigo, yanzu na sauke burodi."

Bai shiga ba. A bakin ƙofa ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, ta goge hannuwanta a zanin girki, ta karɓi kwalin.

"Ni na san bai yi ganganci ba," in ji ta a hankali. "Uwarsa ce ba ta sani ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi bayansa, ba ta ƙara shiga kasuwa ba don kunya. Kai ka ɗauki akwatin gawarta, Kosta. Da ka faɗa tana da rai."

Ta rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba. Drumev ya kama gwiwar hannun tsohon ya kai shi mota.