Yarinyar da Ta Ɓoye Takardun Mota

A garin Dogon Dutsi akwai wata yarinya 'yar aji biyar da babu mai kamo ta a gudu. Ko maza ba sa son yin tsere da ita. In ta ɗaga ƙafa, sai dai a hangi ƙeyarta.

Babanta sunansa Iliya. Direba ne, yana da farar motar haya da yake kai mutane kasuwannin ƙauye. Yarinyar tana son babanta ƙwarai. Ba ta son abin da zai taɓa shi ko kaɗan.

Wata ranar Asabar aka shirya gasar tsere ta 'yan lekol, wato makaranta, a garin Kore Mairuwa. Lekol ɗinsu ta zaɓi yara takwas, kuma ita ce kan gaba. Madam Hindatu, malamar da ke koya musu wasanni, ta roƙi Iliya ya kai su.

Tun da sassafe yarinyar ta hana kowa sakat a gida.

"Baba, tashi mu tahi! Ƙarhe goma za a yi tsere na!"

"Ki bari in sha kunu mana," in ji babanta yana dariya. "Kore Mairuwa ba ta gudu."

Ƙarfe takwas da rabi suka bar ƙofar lekol. Madam Hindatu ta zauna gaba. Yarinyar ta zauna daidai bayan babanta, ƙawarta Murna tana kusa da ita. Duk sun sa riguna masu ruwan ɗorawa.

Kai, ranar an sha waƙa! Suna tafi, suna buga ƙafa, suna kiran sunan lekol ɗinsu. In suka wuce amalanken jaki ɗauke da dammunan gero, sai su ɗaga wa mai shi hannu su yi ihu. Har Madam Hindatu sai da ta karɓi amshi.

Can sai motar ta fara rage gudu. Yarinyar ta leƙa ta taga. Ta hango ganguna biyu a kan titi, an ɗaura igiya a tsakaninsu. Jandarmomi, masu tsaron hanya, suna tsaye a gefe, ƙarƙashin wata bishiyar bedi.

Murna ta matso ta raɗa mata a kunne.

"Wayyo, jandarma! Kin san in sunka amshi takardun mota ba su maidawa?"

"Wa ya gaya miki?"

"A bakin pampo na ji. An ce riƙewa suke yi, mai mota shi zamna gida babu aiki."

Gaban yarinyar ya faɗi. Babanta ya zauna gida babu aiki? Ina! Ba za ta yarda ba.

Ta san inda takardun suke. Suna cikin wata baƙar jaka ƙarama, a aljihun bayan kujerar direba, daidai gwiwarta. Ta dubi Murna, ta ga hankalinta yana waje. A hankali ta zare jakar, ta cusa ta cikin jakar kayan wasanta, ƙarƙashin takalma. Ta rungume abinta. A ranta ta ce, yau na ceci Baba.

Fiiir! Aka busa usur.

Iliya ya sauka gefen titi, ya tsaya, ya kashe mota. Wata jandarma mace ta nufo su. Doguwa ce, da hula a kanta. Ta sara wa Iliya.

"Ina kwana, direba?"

"Lahiya lau, shef. Ina aiki?"

"Da godiya. Kawo takardu: permi, da kat giriz, da asiransi."

Iliya ya miƙa hannu baya, ya laluba aljihun kujera. Wayam. Ya sake lalubawa. Ya juyo ya duba da idonsa.

"Ikon Allah! Nan nike aje su kullum."

Ya fito daga mota. Ya duba ƙarƙashin kujera. Ya ɗaga tabarmar ƙafa. Ya sa yaran suka sauko duka, ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya. Babu jaka, babu alamarta.

Yarinyar ta tsaya a inuwa, ta ƙanƙame jakarta. Tana jiran jandarmar ta gaji ta ce su wuce. Ai in babu takardu, babu abin da za a karɓa.

Amma ba haka aka yi ba.

"Direba," in ji jandarmar, "ba ni iya barin motar ga ta wuce. Ban ga permi ba, ban ga asiransi ba, ga yara cike da mota. Sai ka gyara ta can gehe."

"Gaskiyarki, shef," in ji Iliya. "Amma wallahi takarduna cikakku ne."

"In sun zo, na gani, ka wuce."

Madam Hindatu ta dubi agogon hannunta. Tara ta wuce. Ta je ta roƙi jandarmar, ta gaya mata zancen gasa. Jandarmar ta saurare ta har ta gama, sannan ta girgiza kai.

"Madam, ni ma ina da ɗiya. In wani abu ya samu yaran ga bisa hanya, mi zan ce ma iyayensu?"

Iliya ya buga waya gida. Maman yarinyar ta duba ɗaki, ta duba aljihun rigunansa, ba ta ga komai ba. Zufa ta fara keto masa.

Wani mai kabu-kabu da ke zaune a kan babur ɗinsa ya yafito Iliya. Ya yi ƙasa da murya, amma yarinyar ta ji.

"Kai ma dai! Ba ta na goro mana, ku wuce."

"A'a," in ji Iliya. "Ban saba ba, kuma ba yau zan hwara ba, gaban yara. In ka yarda dai ka kai ni gida in nemo da kaina."

Yarinyar ta shiga tunani. In Baba ya koma Dogon Dutsi, ba zai ga komai ba. Kuma kafin ya dawo an gama gasa. Ta dubi abokanta. Waƙa ta mutu. Wani ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Murna kuwa har ta fara hawaye.

Ana cikin haka sai ga wata babbar mota ɗauke da buhunan wake. Aka busa mata usur, ta tsaya. Direban ya miƙo takardunsa. Yarinyar ta zuba ido. Yanzu za a ƙwace, in ji ta a ranta.

Jandarmar ta buɗe, ta karanta, ta zagaya ta dubi lambar motar. Sai ta dawo ta miƙa wa direban abinsa, duka.

"Sauka lahiya," ta ce. Aka saki igiya, mota ta wuce.

Yarinyar ta buɗe baki. Ashe mayarwa ake yi!

Ta juya ta ga babanta har ya ɗaga ƙafa zai hau babur. Ba ta san lokacin da ta zabura ba.

"Baba! Baba, tsaya!"

Ta isa gabansa tana haki. Ta zuge jakarta, ta ture takalma, ta fiddo baƙar jakar.



"Ke!" in ji Madam Hindatu. "Tun ɗazu suna wurinki?"

Yarinyar ta fashe da kuka.

"An ce in sunka amsa ba su maidawa. Ban so Baba shi rasa aiki."

Iliya ya sauke ƙafarsa daga babur. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ransa ya ɓaci, kowa ya gani. Amma bai ɗaga murya ba.

"Kin ga ina nema, kin ga ina zuhwa, kin yi shiru?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ni kaɗai za ki ba haƙuri ba. Ɗauki ki kai ma shef da hannunki."

Wannan tafiyar taku goma ce kawai, amma ta fi mata kowane tsere wuya. Ta durƙusa ta miƙa jakar da hannu biyu.

"Tanti, ga su. Ni na ɓoye. Ki yi haƙuri."

Jandarmar ta karɓa. Ta duba permi, ta dubi fuskar Iliya. Ta duba kat giriz, ta dubi lambar mota. Ta duba asiransi. Sannan ta mayar da komai cikin jaka, ta ɗora a tafin hannun yarinyar.

"Ga su. Na riƙe?"

"A'a, Tanti."

"Tashi ki share hawaye. Sunana Habsatu. Bari in gaya muku wani abu, ku duka ku matso."

Yaran suka kewaye ta.

"Aikina ne in tsai da mota in duba takardu. Permi shi ke nuna direba ya iya tuƙi. Kat giriz ta nuna motar ta wane ce. Asiransi kuwa don in an yi hatsari a samu mai taimako. In babu su, ina da ikon hana mota wucewa. In komi daidai ne, sai in maida ma mutum abinshi."

Yarinyar ta ja majina. Sannan ta tambaya.

"To, shi Baba ba shi da ikon komi?"

Habsatu ta yi dariya.

"Shina da shi mana! Shina iya tambayata don mi na tsai da shi, in ba shi amsa. Ba ni da ikon zaginshi ko bugunshi. In ya yi laihin da za a ci shi tara, sai an ba shi takardar shaida. In na riƙe wata takarda tashi, sai in gaya mishi dalili da inda za shi amso ta. In kuma na zalunce shi, shina iya kai ƙarata wurin manyana."

"Har ke ana kai ƙararki?" in ji Murna, ta zaro ido.

"Har ni. Doka tana bisa kaina kamar yadda take bisa kanku."

Murna ta sunkuyar da kai. "Ni na gaya mata, Tanti. A bakin pampo na ji."

"To, gobe in kin ji magana, ki tambayi babba tukun. Maza ku shiga mota!"

Aka saki igiya. Yara suka ruga ciki. Goma saura kwata.

"Baba, taka ta! Ƙara wuta!" in ji yarinyar.

"Ko kusa," in ji Iliya. "Mun makara, mun makara. Ba ni gudu da ɗiyan mutane."

Da suka isa filin gasa, tun daga nesa suka ji tafi. An gama tseren mita ɗari na 'yan mata. Wata yarinya daga Tibiri ce ta ci. Ga ta can an ɗaga ta sama.

Yarinyar ta tsaya tana kallo. Wata biyu tana shirin wannan tseren, ga shi an yi babu ita. Ta san ba laifin kowa ba ne sai nata. Ta je wajen abokanta ta ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Madam Hindatu ta dafa kafaɗarta.

"Wancan ya wuce. Amma saura tseren miƙa sanda. Ku huɗu ne, ke ce ta ƙarshe. Kina iyawa?"

"Ina iyawa, Madam!"

Aka jera. Aka buga ganga, suka ɓalle. Ta farko ta miƙa wa ta biyu. Ta biyu ta miƙa wa Murna. Murna ta zo tana haki, mutum biyu suna gabanta.

"Amshi! Amshi!"

Yarinyar ta cafke sandar ta fita kamar an harba ta. Ta wuce ta ɗaya. Fili ya ɗauki ihu. Saura 'yar Tibiri. Kafaɗa da kafaɗa suke, ƙura tana tashi. Can ta jiyo muryar babanta ta fi ta kowa.

"Tahi, ɗiyata! Tahi!"

Ta ƙara mai. Taku ɗaya, taku biyu, ta tsallake layi ita ce gaba!

Abokanta suka rufe ta da runguma har suka faɗi ƙasa tare. Madam Hindatu tana tsalle, kallabinta ya zame ba ta ma sani ba. Iliya ya ɗaga 'yarsa sama yana juyi da ita.

Da suka zauna shan ruwa, ya tambaye ta.

"To, mi kika koya yau?"

Ta yi tunani kaɗan.

"In na ji magana, in tambaya tukun in yi aiki da ita. In na yi kuskure, in hwaɗi da wuri. Kuma jandarma tana da ikonta, direba ma shina da nashi."

"Madalla," in ji Iliya.

Haka ne, yara. Kada ku yi aiki da jita-jita, ko da niyyarku mai kyau ce. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya tun abin bai yi nisa ba. Ku girmama masu tsaron hanya, ku kuma san haƙƙinku. Wanda takardunsa suke cikakku, yana kuma magana da ladabi, ba ya jin tsoron usur.