Kujeru Biyu a Gaban Jirgi

"Sunan wa kika ce za ki sa?"

Bushira ba ta ɗauke ido daga kan kwamfuta ba. "Na Inna. Ɗayar kuma naka ko nawa, duk wanda ka zaɓa."

Rilwanu ya ja kujerar baƙi ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Saura sati biyar ɗaurin aurensu, kuma yau ne karon farko da ya ji kamar bai san ta ba.

Shekara huɗu Bushira na sayar da tikitin jirgi a wani ɗan ofis a cikin Haɗejia. Ta san halin kamfanonin kamar yadda masunta suka san halin kogi. Tun da wani sabon kamfani ya shigo hanyar Abuja zuwa Malesiya take cewa tsohon ba zai zuba ido a kwashe masa fasinja ba. Ai kuwa! Sabon ya rage, tsohon ya karya, har rangwamen ya kai ɓangaren gaba na manya, inda kujera ke miƙewa ta zama gado. Kuɗin ya faɗi ƙasa da rabi. Kujeru biyu kacal suka rage a wannan farashin, ta yi wuf ta riƙe su. Kwana biyu aka ba ta ta sa sunaye, in kuma an sa ba a canzawa.

Rilwanu dillalin riɗi ne, yana da masu saya a can. Shi ya ce zai biya, su tafi bayan biki, shi da amaryarsa gefe da gefe.

"Bushirata... tafiyarmu ce fa ta farko."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo Inna ciki?"

Sai ta juyo ta dube shi sosai. Ta tuna masa cewa yayanta Tasi'u, da ke koyarwa a can, shekara shida rabonsa da gida, takardun zama sun ɗaure shi. 'Yarsa da aka sa wa sunan mahaifiyarsu Inna har ta fara magana, Inna ba ta taɓa ɗaukarta ba. Gadon bayan Inna kuwa, tun da dashen shinkafa a fadamar Guri ya cinye shi, likita ya hana ta zaman da ya wuce awa biyu. Tafiyar awa goma sha huɗu ce a sama.

"In ba a kwance ba, ba za ta taɓa zuwa ba. Kuma wannan faɗan na kamfanoni ba ya daɗewa, Rilwanu. Wata ɗaya su shirya, farashi ya koma inda ko a mafarki ba ma kai wa."

"Ni kuma fa?"

"Kai ina da kai har ƙarshen rai. Ita ban san kwana nawa suka rage mini da ita ba."

Ya miƙe. Ya mayar da hularsa ya fita.

Hawaye ya taru mata, amma ba ta saki kujerun ba, ba ta kuma kira shi ba. Ta san irin mijin da ta zaɓa.

Washegari da hantsi Rilwanu ya kama hanyar Guri, ruwa shimfiɗe dama da hagu, shinkafa ta yi kore shar. Niyyarsa ya gaida Inna 'Yar'azumi, ya ɗan ja maganar a hankali, don ya tabbata ita da kanta za ta ce su yi tafiyarsu.

Ya same ta kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfa. Ashe ba ta ma san da zancen kujerun ba. Abin da ta sani kawai, za su je wajen Tasi'u. Ta sa aka ɗauko masa ƙullin busasshen kifi da 'yar hular ulu da ta saƙa a kwance.

"Ɗana, in kun isa ka ɗauki takwarata da hannunka," ta ce. "Ka riƙe ta sosai. In ka dawo ka gaya mini nauyinta, don a waya ba a jin nauyin yaro."

Nan take ya fasa maganar da ya zo da ita. Ya juya hular a hannunsa, ya ce, "Inna, kina da fasfo?"

Kafin la'asar yana ofishin Bushira. Ya ce ta sa sunan Inna da nata, don ita za ta kula da ita. Shi kuma ta nema masa a baya, ko kusa da banɗaki ne.

"Ba ka fushi?"

"Ina yi. Amma sa sunan kafin su farga su ƙara kuɗi."

Ta yi dariya tana share ido, yatsunta na gudu a kan madannai.

An ɗaura aure, an yi biki, takardu suka fito. Ranar tafiya jirgi ya ɗaga da rana tsaka. Ma'aikaciyar jirgi ta miƙar wa Inna kujera, ta lulluɓa mata bargo. Inna ta yi ta sa albarka har barci ya ɗauke ta.

Bushira ta tashi ta ratsa labule, ta yi ta tafiya har can ƙarshe. Ta tarar da angonta a takure, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba, kusa da wata dattijuwa mai zuwa asibiti da ke ta matsa ƙafa. Ta koma ta roƙi shugabar ma'aikatan, ta yi mata bayani dalla-dalla irin na 'yan sana'a ɗaya. Matar ta gyaɗa kai. Aka riƙo dattijuwar zuwa gaba, ta kwanta kusa da Inna.

Bushira ta zauna a gurbinta, ta ɗaura bel.

"Kin bar gado kin zo nan?" ya tambaya. "Saura awa shida fa kafin mu sauka canjin jirgi."

"To matsa mini kafaɗarka, angona. Barci nake ji."